Daga Gulma zuwa Amanawa: Tarihin Kutare da Bangaskiyarsu

Duk wanda ya san garin Gulma, da sauran garuruwan Kabawa da ke jere a bakin fadamar Gulbin Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ya san ƙasa ce wadda Allah ya hore wa ruwa da shinkafa da kifi, wadda kuma talakanta ba shi da wani jari da ya wuce hannunsa da ƙafarsa. Gama da hannu ake riƙe homa a shiga su, da hannu ake yankan shinkafa a sheƙe ta, da ƙafa kuma ake ratsa laka tun daga faɗuwar damina har zuwa kaka. Saboda haka, cikin dukan cututtukan da suka addabi kakanninmu, babu wadda ta kai kuturta tsanani a irin wannan ƙasa, domin ita ba ta gaggawar ɗaukar rai yadda agana da sanƙarau suke yi, sai dai ta bar mutum da ransa da hankalinsa, tana karɓe masa abin neman abincinsa gaɓa bayan gaɓa, yana ji yana gani, har tsawon shekara ashirin ko talatin. Nufina a wannan maƙala shi ne in ba da tarihin waɗansu daga cikin masu wannan lalura a tsohon Lardin Sakkwato, waɗanda neman magani ya kai su hannun 'yan mishan, suka komo da addinin Almasihu a zukatansu, suka kuma riƙe shi a kan wahalar da ta fi wadda ta fitar da su daga gida. Jama'a ce 'yar kaɗan, ba ta da mai kiɗa, ba ta da marubuci. Amma dai tarihin ƙasa bai cika ba muddin aka tsallake ta.

Ya kamata a fara yi wa magabata adalci. Ƙasar Hausa ba ta kasance tana korar kuturu zuwa daji ba, yadda aka yi a waɗansu ƙasashe. Yana zaune cikin gari, yana da unguwa, a manyan garuruwa ma kutare suna da sarkinsu, Sarkin Kutare, wanda yake sasanta tsakaninsu, yake kuma tsaya musu a gaban hukuma. Sadaka haƙƙinsu ce wadda addini ya tabbatar, ranar Juma'a da ranar kasuwa ba sa komawa hannu wofi, kuma wanda ya tara abin duniya a cikinsu ana yi da shi, har Hausawa suka ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun yi wa al'amarin duba na tsanaki: sun lissafa kuturta da albaras da hauka cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin raba aure, sa'an nan suka ce idan ana tsammanin warkewa a jinkirta wa mai cutar shekara guda ya nemi magani. Wannan hukunci akwai rahama a cikinsa. Amma fa a wancan zamani shekara guda ba ta warkar da kowa, don haka jinkirin ya kan ƙare ne da mace ta kwashe kayanta. Abin da ya fi wannan ciwo kuwa shi ne zato. Jama'a sun ɗauka cewa wanda ya yi rantsuwar ƙarya da Alƙur'ani, kuturta ce ke kama shi. Waɗansu suka ce gado ce a jini. Waɗansu suka ɗora wa haɗa kifi da nono. Masu bori kuma suna da iskan da suke kira Kuturu. Ta haka mutumin da tabo ya fito masa a baya ko a cinya, fatar wurin ta yi ja-ja ta daina jin tsinke, ya kan wayi gari da cuta biyu, ɗaya a jikinsa, ɗaya a idon maƙwabtansa, waɗanda ke tambayar junansu a ɓoye ko wane laifi ya aikata. Za a ware masa ƙwaryarsa da akushinsa, a daina miƙa masa hannu wajen gaisuwa, a ce masa daga nesa, sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi, shi kuma ya amsa da amin, alhali kuwa shi da mai gaisuwar duk sun san sauƙin ba ya tafe.

Asalin cutar ba ko ɗaya ba ne daga cikin abubuwan da aka zarga. Wani likita mai suna Hansen, a birnin Bergen na ƙasar Norwe, shi ya fara ganin ƙwayarta a madubin likita a shekarar 1873. Ƙwaya ce mai nawar yaɗuwa, tana iya yin shekara biyar ko fiye a jiki kafin ta nuna kanta, kuma mafi yawan 'yan Adam, wajen 95 cikin 100, jikinsu yana kashe ta ba tare da sun sani ba. Ɓarnarta a jijiyoyin ji take. Yatsun kuturu ba faɗuwa suke yi don kansu ba, kamar yadda ake faɗa; abin da ke faruwa shi ne hannu ya daina jin zafi, mace ta sauke tukunya daga murhu da tafin hannunta ba ta san ta ƙone ba sai ta ga ƙuna ta tashi, manomi ya taka ƙaya ya wuni yana tafiya a kanta, ɓera ya gwaguyi yatsan mai barci bai farka ba, gyambo ya zauna, ƙashi ya lalace ya zaizaye. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ya bayyana wa duniya wannan filla-filla. Wato azabar kuturu ta samo asali ne daga rashin jin zafi, kuma wanda ya gane haka zai gane dalilin da ya sa masu cutar suka fi kowa sanin cewa akwai abin da ya fi raɗaɗi muni.

Yadda aka yi 'yan mishan suka shigo cikin wannan al'amari yana da nasa tarihin. Mutum uku na farko na ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, sun sauka Ikko a watan Disamba 1893 da niyyar shiga ƙasar Hausa. Cikin shekarar da ta biyo baya Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent ya rasu a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma Razdan-Razdan da suka biyo baya suka fassara wannan alkawari da hana 'yan mishan zama a ƙasashen sarakunan Musulmi, in ban da 'yan kaɗan irin su Likita Mila na mishan ɗin CMS da ya samu wurin zama a Zariya. Aka shekara talatin a haka. Abin da ya buɗe ƙofa kuturta ce. An kafa ƙungiyar yaƙi da kuturta ta daular Ingila, BELRA, a 1924. Mishan na Church of the Brethren ya buɗe zangon kutare a Garkida a 1929, aka ga amfaninsa. Su kuwa zangunan da En'e ke riƙe da su ba su da likita tsayayye, ba su da isasshen magani, ga shi tattalin arzikin duniya ya karye, baitulmali ba ta da halin ɗaukar ma'aikata. 'Yan mishan suka ce za su kawo likita da masu jinya ba tare da albashin gwamnati ba. Albert Helser, wanda ya san aikin tun daga Garkida, ya koma SIM a 1936 ya shugabanci wannan fanni, sa'an nan a shekarun 1937 da 1938 aka danƙa wa SIM zangunan kutare na manyan larduna uku: na Kano, wanda ya zauna a Yadakunya, na Katsina a Babbar Ruga, na Sakkwato kuma a Amanawa, kan hanyar Gusau. Wannan ya zo daidai da ƙarshen zamanin Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, wanda Kabawa ba sa mantawa da shi saboda ziyarar sulhun da ya kawo Argungu a 1934, da kuma farkon zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sarakuna ba su yarda da ido rufe ba; an gindaya sharuɗɗa, cewa ba za a tilasta wa kowa sauraron wa'azi ba, ba kuma za a koya wa 'ya'yan Musulmi addini ba sai da yardar iyayensu. Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan yake so, kowanne kuma ya ga cewa barin marasa lafiya a yashe ya fi haɗarin yarjejeniyar muni.

Da yake Argungu da Gwandu da Yawuri duk suna cikin Lardin Sakkwato a lokacin, Amanawa ita ce zangon mutumin Gulma. Sai mai karatu ya auna tafiyar: daga Gulma zuwa Argungu, daga Argungu wajen mil sittin zuwa birnin Shehu, sa'an nan a ƙara gaba kudu, a kan jaki ga mai hali, a ƙasa ga maras shi, da ƙafar da aka naɗe da tsumma, a kwana a bayan gari domin ba kowane zaure ke karɓar irin wannan baƙo ba. Wanda ya isa, za a tuɓe shi a duba tabbansa, a rufe masa ido a shafa masa auduga a ce ya nuna inda ya ji, a rubuta sunansa, a ba shi ɗaki da gona. Zango gari ne sosai, da unguwanni da masu unguwa, da masu ƙira da masu saƙa, da makaranta; masu ƙarfi suna noma, waɗanda aka koya wa aikin jinya suna wanke gyambon 'yan'uwansu. Maganin da ake da shi kuwa man wata itaciya ce ta ƙasar Indiya, chaulmoogra, mai kauri, wanda ake ɗurawa da allura a cikin fata, a bi tabo ana tsirawa ɗigo-ɗigo, wuri bayan wuri, har fatar ta kumbura ta yi tauri. Mako ya zagayo a sake. Akan shekara biyar ana wannan, wani ya samu sauƙi, wani bai samu ba. Akwai kuma wani abu da ya fi allura zafi, wanda ba na son in wuce shi da sauri: jaririn da aka haifa a zango akan ɗauke shi daga uwarsa a kai shi gidan reno, don kada ya kamu. Niyyar kirki ce, bisa ga ilmin lokacin; amma uwar da take tsayawa daga nesa tana kallon ɗanta a hannun wata, nononta yana zuba, ita kaɗai ta san abin da aka karɓa daga gare ta, kuma bai kamata masu yabon mishan su riƙa mantawa da ita ba.

A nan ne ake kawo suka, kuma suka ce mai nauyi. Ana cewa mutumin da ba shi da lafiya, ba shi da dangi kusa, abincinsa da maganinsa suna hannun wanda yake yi masa wa'azi, ba a ce ya zaɓi addini ba, sai dai a ce an saye shi. Ni ban musa cewa akwai gaskiya a ciki ba. 'Yan mishan ba su ɓoye wa masu ba su kuɗi a Amurka da Kanada cewa kuturta ƙofa ce ta shiga ƙasar Musulmi ba. An kuma yi ta samun saɓani tsakaninsu da sarakuna a kan maganar yara, kuma babu shakka an samu wanda ya shiga sujada don ya ga masu shiga sun fi kusa da Bature. Sai dai masu wannan suka suna mance abu guda, wato mafi yawan waɗanda suka zauna a Amanawa da Yadakunya da Babbar Ruga sun shiga suna Musulmi, sun sha magani, sun fita suna Musulmi, suna salla da dungulmin hannu, suna azumi a kan allura. Su ma suna da rijiyar da suke sha, mai zurfi ƙwarai: imani da ƙaddara mai daɗi da maras daɗi, da haƙurin Annabi Ayuba, da sanin cewa cuta kaffara ce ga mumini. Tun da yake ana iya cin tuwon mishan shekara goma ba a bar salla ba, lalle waɗanda suka karɓi baftisma ba tuwo kaɗai ya kai su ba, kuma ya wajaba a tambaya mene ne suka gani.

Abu na farko da suka gani, a ganina, hannu ne. Mutumin da ya shekara bakwai ba wanda ya taɓa jikinsa, har matarsa, har 'ya'yansa, sai ga wata mace daga wata duniya ta durƙusa ta ɗora ƙafarsa a cinyarta tana kankare masa gyambo mai wari, ba ta kau da kai ba. Ba lalle ne ya fahimci wa'azinta ba, Hausarta ma a karye take. Amma zai so ya san dalili. Da aka karanta masa babi na farko na Linjilar Markus, inda wani kuturu ya durƙusa a gaban Yesu yana roƙo, Yesu kuma ya miƙa hannu ya taɓa shi tun kafin ya warke, sai ya ga inda matar ta koyo. Labarin bai zo masa baƙo ɗungum ba, domin duk wanda ya yi karatun allo ya ji cewa Annabi Isa ɗan Maryamu yana warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah, kamar yadda ya zo a surar Ali Imrana da surar Ma'ida. Abin da ya ƙaru shi ne taɓawar, da kuma cewa littafin yana magana da harshensa, gama an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, shekara biyar kacal kafin buɗe waɗannan zanguna. Mutanen da ko a mafarki ba su zaci za su yi karatu ba suka koyi boko a zango, suka riƙa tallafe littafi tsakanin wuyan hannu biyu, suna juya shafi da leɓe ko da dungu, suna bin labarin Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, wanda sarautarsa ba ta hana shi kuturta ba, da labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo godiya.

Abu na biyu ya fi na farko zurfi, shi ne ya taɓa cutar nan ta biyu da na ambata, wato zato. A babi na tara na Linjilar Yohanna almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka tambayi Almasihu ko zunubin wane ne ya jawo, nasa ko na iyayensa, ya amsa musu cewa ba na kowa ba ne. Mai lafiya zai karanta wannan ya wuce. Amma wanda aka yi shekaru ana raɗa cewa rantsuwar ƙarya ce ta ci shi, har shi kansa ya fara binciken zuciyarsa da dare yana neman laifin da bai tuna ba, wannan amsa sauke masa kaya take yi. Daga nan sai maganar gicciye. Na sani nan ne Musulmi da Kirista suka rabu, kuma ba nufina in yi muƙabala ba. Ina faɗin abin da masu bi suka riƙe ne kawai, wanda ni ma na riƙe. An gaya musu cewa Almasihu da kansa an fitar da shi bayan gari, an tofa masa yawu, abokansa sun gudu sun bar shi, an huda hannuwansa da ƙafafunsa, wato gaɓoɓin nan guda huɗu da cutarsu take ci. Kuma bayan ya tashi daga matattu bai ɓoye tabbansa ba, ya nuna wa almajiransa su. Haƙuri a ƙarƙashin hukuncin Ubangiji sun riga sun san shi tun a gida. Sabon abin da suka ji shi ne cewa wanda suke kira Ubangiji ya ɗanɗani wulaƙanci irin nasu a jikinsa, saboda haka ba daga nesa yake ce musu sannu ba. A kan wannan suka ɗora begen tashin ƙiyama da sabon jiki maras aibi, kuma ba na jin akwai wani shehin malamin tauhidi da ya riƙi wannan aƙida da ƙarfin da mai dungu ya riƙe ta.

Sa'an nan akwai waƙa. Kuturta takan shiga maƙogwaro ta dushe murya, hannu maras yatsu kuma tafinsa ba ya ƙara. Duk da haka an san majami'un zanguna da son waƙa. Mafi shahara a wannan fanni a Nijeriya ba ɗan Arewa ba ne: Ikoli Harcourt Whyte, mutumin Abonnema, wanda aka haifa a 1905, cutar ta kama shi yana yaro, ya zauna a zangon Uzuakoli, ya tsara waƙoƙin sujada fiye da 200 da harshen Ibo, aka tabbatar ya warke a 1949 amma ya zaɓi ya ci gaba da zama cikin 'yan'uwansa har rasuwarsa a 1977. Namu na Lardin Sakkwato ba su bar suna irin nasa ba, amma abin da ya sa shi waƙa shi ya sa su.

Jarrabawar gaskiya ta zo ne, abin mamaki, tare da waraka. A ƙarshen shekarun 1940 Likita John Lowe ya nuna a Uzuakoli cewa ƙwayar dapsone, mai arha, wadda ake haɗiya da ruwa, tana kashe cutar idan aka sha ta da ƙa'ida. Cikin shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta baza ɗakunan shan magani a ƙauyuka, malamin kutare yana zuwa a kan keke ranar da aka sa, jama'a su yi layi a gindin itace, ya jefa wa kowa ƙwaya a baki. Allurar mai ta kau, zanguna suka fara sallamar mutane da takardar shaidar warkewa. Wanda ya fita yana Musulmi ya koma gida, in an karɓe shi to, in an ƙi shi ya koma bara. Wanda ya fita yana Kirista kuwa ya tarar da abin da bai taɓa gamuwa da shi ba ko a lokacin da cutar take ganiyarta. Da can ana tausayinsa. Yanzu ya yi ridda. A shari'a saɓanin addini yana hana gado, ridda kuma tana warware aure, saboda haka gonar fadamar ubansa ta wuce shi, matarsa in tana nan ta haramta gare shi, ba mai ba shi 'ya, kuma ya san ranar da ya mutu ba za a yi masa salla ba. Uwa takan aika masa a ce, ɗana, ka dawo ka yi shahada, kome ya wuce. Baffansa ya kira shi zaure ya ce, kai yaro, cutar ba ta ishe mu abin kunya ba sai ka ƙara mana da wannan? Ba ƙiyayya ce ta sa su faɗi haka ba, tsoron wuta suke ji masa, shi ma ya san haka, shi ya sa maganar take huda shi. Kalma ɗaya ta isa ta mayar masa da dangi da gona, kuma a wannan lokaci mishan ba shi da sauran abin da zai ba shi, tun da magani ya riga ya zo ƙauye kyauta. Waɗansu sun faɗi kalmar sun koma, ni kuwa ba ni da bakin zarginsu. Waɗansu suka ƙi. Jirgin ruwa ba a sanin ƙwarinsa a bakin gaɓa sai an tura shi tsakiyar gulbi da kaya. Waɗannan mutane an tura su, ba su nitse ba, kuma wannan ita ce hujjata a kan mai cewa saye aka yi.

Da yawansu ba su koma garuruwansu ba, suka yi bukkoki a gefen zango ko kusa da tashar mishan, irin wadda SIM ta buɗe a Kalgo kusa da Birnin Kebbi, suka auri juna, suka yi noma da fartanya ɗaure a wuyan hannu, suka sa takalman tayar mota don kare tafin ƙafa. Daga cikinsu aka samu masu bishara da malaman asibiti da masu raba magani, waɗanda suka riƙa yi wa Musulmi da Kirista hidima ba bambanci, kuma sau da yawa mutumin da ya ƙi gaisawa da su jiya shi ke zuwa da dare ya nuna musu tabon da ya fito wa 'yarsa, domin ya san su ba za su tona ba. Sa'ad da majami'un SIM suka haɗu suka zama ECWA a 1954, wani kaso na Hausawan da ke cikinta a Kano da Katsina da Sakkwato daga waɗannan zanguna suka fito. 'Ya'yan gidan reno kuwa, da yake sun riga 'ya'yan ƙauye shiga makaranta, da yawa sun zama malamai da ma'aikatan jinya da ma'aikatan gwamnati. Sai dai ba kowannensu ke son a san inda aka haife shi ba, kuma wannan ɓoyo, ko da yake ina fahimtar dalilinsa, yana ɓata mini rai, domin iyayen da ake jin kunyarsu sun fi mu duka ƙarfin zuciya.

A cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan, Amanawa ta koma hannun hukuma, daga baya ta zama asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Jihar Sakkwato. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magani uku, dapsone da rifampicin da clofazimine, waɗanda ke warkar da cutar cikin wata shida zuwa shekara guda, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Nijeriya ta kai mizanin da ake kira kawar da cutar a 1998, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000, amma har yanzu akan samu sababbin kamu sama da 2,000 a yawancin shekaru, kuma Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana cikin jihohin da ƙungiyar The Leprosy Mission ke taimaka wa gwamnati a kan aikin. A ƙasar Kalgo akwai unguwar da ita ma ake kira Amanawa, inda waɗanda cutar ta naƙasa suke zaune da zuriyarsu. Akan tuna da su da buhun shinkafa lokacin salla ko Kirsimeti, alhali abin da suka fi bukata shi ne takalmin da ya dace da ƙafa, da mai duba gyambo a kai a kai, da makaranta ga jikokinsu. Yaron Gulma da tabo ya fito masa a yau ba sai ya yi tafiyar mil sittin ba: a kai shi asibiti a Argungu tun tabon yana ɗaya ko biyu, a shafa masa auduga a gwada, a ba shi ƙwayoyinsa na wata-wata, ya sha yana gidan ubansa, ya warke da yatsunsa goma.